Kofin Velma a Bakin Taga

Kafin jiragen masunta su bar gaɓa, Lowell Pettengill ya riga ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku a wani ɗakin Gidan Kyaftin, gidan tarihin garinmu, yana yi mata faɗa kamar mai kiwon akuya. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi: na'ura ta auna kowane bango da ƙusa, shi kuma ya sake gina gidan cikin kwamfuta yadda mutum zai shiga ya zaga. Mu mutanen bakin tekun Maine, a Amurka, mun san dalili. An gyara tsohon gidan tsaf, amma ruwa na cin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, kuma teku ba ta jin magiya.

Wannan watan zai ajiye aiki, ba wanda ya taɓa tafa masa. To, ni zan tafa.

Masu sana'arsa suna da ƙa'ida: duk abin da ya gifta gaban na'ura datti ne, gogewa ake yi. Velma Alley, mai sharar gidan, ko a jikinta. Yana cikin awo sai ta ratso da tsintsiya.

"Haba Velma, tsaya waje ɗaya mana!"

"Ƙura za ta jira ka ne? Ɗauki bangonka, sarkin mita."

Haka ta fito a kowane ɗaki dishi-dishi, haka ya bi ta yana gogewa har aiki ya fita fes, ya zubar da hotunan farko. Da sanyi ya shigo, Velma ta rasu.

Bayan makoki mijinta Merrill, tsohon masunci, ya zo wurinsa da hula a hannu.

"Ta ce injinka ya sha kama ta. Ka san halinta, ba ta yarda a yi mata hoto. Nuna min ita, Lowell."

"Merrill, na goge ta."

"Duka?"

"Duka."

Tsohon ya mai da hularsa ya fita. Wallahi har yau abin na sosa mini rai.

Lowell ya koma yana bin gidan cikin kwamfuta lungu-lungu. Mutumin da bai yarda da kuskure ba, ga shi yana roƙon Allah ya sa ya yi kuskure. Velma dai bai same ta ba. Abin da ya tsere wa gogewarsa kofin shayinta ne mai karyayyen hannu, a bakin tagar kicin, bayan labule.

Kai ne, Lowell, mai ginin da ruwa ba ya ci. Kai ne tun daga ranar ka daina goge mutane, shugabannin gidan suka yi ta ƙorafin aikinka ya yi datti, ka ce a bar maka dattinka. Yanzu a cikin aikinka ga kafinta a kan tsani, ga mai fenti yana hamma. Mun gode. Ku masu tasowa a sana'ar, kafin ku goge abu, ku tambaya ko na wani ne.

Merrill kan zo wurin Lowell duk Lahadi bayan coci. Ba ya kallon falo, ba ya kallon fitilun alfarma. Lowell ya kai shi kicin a cikin kwamfuta, ya ɗage masa labule, tsohon ya matso da fuskarsa jikin gilashin kwamfutar.

"Dube ta fa," in ji shi. "Kullum sai ta manta shi a nan."