Ni Na Hana A Kaɗa Maka Ogan

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Firmin Cazalens rasuwa yana da shekara tamanin da uku. Ina garejin da nake aiki, hannuna duk baƙin mai, ƙararrawar cocinmu ta soma bugun mutuwa. Ban tambayi kowa ba, na san kai ne.

Shekara hamsin da ɗaya kana hawa matakala arba'in zuwa benen ogan, babban kayan kiɗan cocinmu, ko da sanyi ya sa sai ka datse yatsun safar hannu kafin ka taɓa madannanta. Waƙoƙin ibada sama da ɗari ka rubuta, kuma mu ka rubuta wa, mawaƙa ashirin na ƙaramin gari, ba manyan Paris ba. Ka san mawaƙiyarmu Madam Perrine numfashinta gajere ne, sai ka riƙa ajiye hutu daidai inda take shaƙar iska. Baƙi suka zo suna yaba hikimar wannan shirun, kai kuwa kana dariya a cikin gemu.

Ina da shekara sha bakwai ka same ni a bayan coci da yagaggen littafin waƙa, ina koya wa kaina karatun alamomin kiɗa da juye-juye. Ka ce, "Kai ɗan nan, a kife kake riƙe da shi, amma zo." Ka kai ni gida, matarka Madam Léonie ta zuba min miyar kabeji da burodi da cuku. Littattafanka duk na karance, har waɗanda ba ka ba ni ba. Shekara tara ina tsaye a gefenka ina ja maka sandunan da ke sauya muryar ogan. Na san wanda ke maƙalewa da damina, na san wanda sai an murɗa shi hagu.

Amma ba ka taɓa cewa in zauna a kan kujerar ogan ranar Lahadi ba. Ko sau ɗaya.

Sai ga Thibault Marchandeau ya dawo daga babbar makarantar kiɗa da takardunsa da gyalensa na siliki. Wata uku kacal, ka miƙa masa mabuɗin bene. Na tambaye ka dalili, ka ce hannuna ya fi bakina haƙuri, amma da kaɗan. Na yi mako biyu ban gaishe ka ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yaron ya iya. Na sha tsayawa ina jira ya yi kuskure, bai yi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Madam Léonie ta roƙi Thibault ya kaɗa a jana'izarka waƙar da ka rubuta don ɗaurin aurenku. Kwana uku yana bita. Ni kuwa na taɓa karantawa, kai ma ka taɓa gaya min, cewa idan mai ogan ya mutu akan lulluɓe madannanta da baƙin ƙyalle, ogan ta yi shiru, muryoyi kaɗai su raka shi. Na je wurin limamin cocinmu, Fada Anselme, da wannan magana, kaina a sunkuye kamar mai kare mutuncinka. Ya ce lallai haka aka yi wa wanda ka gada, kuma ya gode min. Da hannuna na shimfiɗa ƙyallen.

Ba don al'ada na yi ba, Malam. Na yi ne don kada garin nan ya ji Thibault yana yi maka ban kwana ina tsaye ina ja masa sanduna.

Muka rera da baki. Rerawar ta yi kyau, ban musa ba, har na ji wani daɗi mai ƙazanta. Da aka fito, Madam Léonie ta kama hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Bastien, ɗana, an ce kai ka tuna da al'adar. Firmin zai ji daɗi. Ni dai na so in sake jin waƙar sau ɗaya ne kawai." Ta gyara min wuyan riga ta wuce. Da ma marina ta yi.

Thibault ya gane. Washegari ya zo gareji, ya tsaya nesa da mai don takalminsa. Ya ce Fada ya yarda a kaɗa waƙar a sujadar cikar wata guda, amma sanda na bakwai ya ƙi fitowa, ya ja har kafaɗarsa ta yi ciwo. Na ce ai makarantar ba ta koya musu komai ba. Ya ce, "To, bakanike, za ka zo ko sai na durƙusa?" Na ce ya durƙusa mu gani. Bai durƙusa ba, na kuma ce zan zo.

Saboda haka ranar sha huɗu ga Fabrairu zan hau benen, in tsaya inda na saba, shi ya zauna inda na so. Kishin bai fita daga raina ba, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Har yanzu ina ganin ka zalunce ni kaɗan. Amma ko sanda ɗaya ba zai makara ba.

Madam Léonie, wannan rubutu shi ne abin da na kasa faɗa miki a bakin ƙofa. Ki yafe min. Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da 'yarku Maud, da jikoki, da mawaƙan cocinmu.

Allah ya jiƙanka, Malam Firmin, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada cikin haskensa. Ya ba iyalinka haƙuri, ni kuma ya sanyaya min zuciya. Amin.