Mutumin da Ya Hana Ni Bin ’Yata

Ina tsakiyar yi wa wani aski wayata ta yi ƙara. Matar Dogo ce. Ko gaisuwa babu, sai ta ce, "Abokinka ya tafi." Na tambaye ta ina ya tafi, kamar wawa. Mutumin da ke kan kujera ne ya karɓi injin daga hannuna ya kashe.

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin shagona da rumfarsa ta gyaran keke, dab da ƙofar makarantar firamare. Kullum hannunsa baƙi ƙirin da giris. Allah bai ba shi haihuwa ba, amma ban san wanda yara suka fi kira Baba kamarsa ba.

Duk Asabar da safe yakan tara su a filin makaranta ya koya musu keke. Abin da yake fara yi shi ne ya kwance fedar ya jefa a bokiti. Mako guda yaro na tura ƙasa da ƙafa yana koyon birki. Idan suka yi ƙorafi ya ce, "Tafiya ko jaki ya iya. Tsayawa nake koyarwa."

Bayan ya mayar da feda, sai ya tsaya a bayan yaro ya ɗaga yatsu. Dole yaron ya waiwaya ya faɗi nawa ne, ba tare da keken ya karkace ba. Wanda ya ci wannan, Dogo zai raka shi a kan titi sau uku, daga gida zuwa makaranta. Na huɗu yaron shi kaɗai zai je, kuma an hana iyaye bi.

Nan muka saɓa. Autata ta ci komai a wurinsa, ga ƙafafunta sun huta da tafiyar awa guda. Amma ni na kasa sakinta. Tana fita sai in hau babur in bi ta daga nesa. Ashe ta gane. Ran nan a shataletale ta juyo neman fuskata maimakon duba mota, saura ƙiris a kaɗe ta. Daga ranar ta jingine keken, ta ce ba ta iya ba.

Dogo ya shigo shagona ko hannu bai goge ba.

"Mai aski, kai ne hatsarin da ke kan titin nan."

"’Yarka ce ko tawa?" na ce.

Ya dubi hannuwansa, ya fita. Da ana mayar da magana ciki, wallahi da na haɗiye wannan. Amma washegari sai ga shi ya ɗauki yarinyar sun koma fili, suka fara daga yatsu. Numfashinsa ya riga ya fara sarƙewa, yana tsayawa ya dafa bango, yana cewa wai tsufa ne.

Ranar Juma’a ya rasu. Litinin na bar yarinyar ta tafi ita kaɗai. Na zauna a shago har na ga ta shawo kwana, ta waiwaya, ta miƙa hannu alamar za ta tsaya, ta tsaya cak a gaban rumfarsa da ke kulle. Ta daɗe a wurin kafin ta shiga makaranta.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Alhamis ne da la’asar, yana jan ƙofar rumfa.

"Litinin ita kaɗai fa," ya ce. "Ba ni makullin babur ɗinka."

"Haba Dogo, ba ka yarda da ni ba?"

"Da kaina na yarda da kai, ai kai kake aske shi. Da babur kuwa, a’a."

Na yi dariya na ce, "To ka zo ka zauna da ni har ta iso."

"Zan zo," ya ce. "Kai dai ka tanadar min kujera mai jingina."