Ido a Cikin Kofi

A gidanmu na Makera, tatsuniya ba ta farawa sai an sauke tuwo. Babanmu yana aiki a masaƙa a Kakuri, mu kuma da magariba ta wuce sai mu zagaye kakarmu, Inna Asabe, a bakin murhu. Tana gasa mana gyaɗa a toka, tana dungure kan duk wanda ya miƙa hannu kafin ta huce. A shekarun nan na tamanin idanunta sun soma yin yana, har takan kira ni da sunan yayata, in yi dariya ta ce ba ni da kunya.

"Ku matso, ga wata ta iso," haka take buɗewa. Amma akwai labari guda da ba ta yi masa wannan buɗi, domin ta ce ba ƙirƙira ba ne. Labarin Likita Soja.

Tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa yana ɗinkin raunuka, ya dawo ya buɗe ɗakin duba ido a wani ƙaramin gari kan hanyar Kachia. Babanmu ya taɓa kai ta. Tana zaune ana jiran layi, labule ya ɗaga, ta hango kofi a kan teburinsa, da ido a ciki yana kallon rufi.

"Ido ɗungurungum, 'yan nan, da wannan idon nawa na gan shi. Ƙwaƙulewa yake yi ya wanke, wanda ya yi masa kyau ya riƙe."

Ta ce ko takalminta ba ta tsaya ɗauka ba. Mu kuwa mukan ƙanƙame juna, kuma gobe mu ce a maimaita. Matan layinmu ma sukan leƙo su saurara.

Sai ta koma wajen wani mai yawo gida-gida da allura, wanda ke tura yanar ido can ciki. Kwana biyu tana gani tar, tana yi mana gori. Daga nan idanun suka yi ja, suka kumbura. Wani yammaci ta kai hannu za ta jawo gyaɗa, ta damƙi garwashi. A nan muka gane Inna ba ta gani ko kaɗan.

Babanmu ya ɗauki shatar mota zuwa wajen Likita Soja, na bi su ina riƙe da hannunta. Likitan dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Ya haska idanun ya daɗe, sannan ya ajiye tocila.

"Mama, allurar ta gama da su. Da yanar ce kawai, da na tura ki an cire kin koma gida da ganinki. Me ya hana ki zuwa?"

Ta gaya masa, ba ta rage komai ba. Sai ya sa yatsa a ƙasan fatar idonsa na hagu, ya zaro idon. Na ƙwalla ƙara. Babanmu ya yi salati.

"Ba ni hannunki, Mama." Ya ɗora mata a tafi. "Gilashi ne. Nawa na bar shi a fagen daga. Kullum sai na wanke wannan, in ba haka ba ramin ya yi ruwa."

Inna ta juya shi da yatsu, ta ƙwanƙwasa da farce. Daga ranar ba ta sake ba da labarin ba.

Yanzu ni ma na kai shekarun sa tabarau, kuma abin da ke tayar mini da tsikar jiki shi ne Inna ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta ce ta gani, ta gan shi. Tambaya ɗaya ce ba ta yi ba, mu ma da muke neman a maimaita ba mu yi ba. Bayan rasuwarta wata maƙwabciyarmu ta zo gaisuwa, jikanta na jan ta da sanda, ta ce Allah ya saka wa Inna, ita ce ta tsare ta daga hannun Likita Soja.