Makiyayi Ya Ƙara Guba

Duk zuriyarmu babu wanda ya yi kiwo irin na ɗan Kawu. Shekara goma sha tara yana kiwon bakteriya, ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani, a ɗakin gwajin wata masana'antar sinadarai, shi ya sa a gida ake ce masa Makiyayi. Garkensa ya ninka mutanen duniya sau dubu, amma duk a kwalba ɗaya suke, ba ka ganin komai sai ruwa gurɓatacce kamar na wanke-wanke. Gwaggo ta taɓa tambayarsa yaushe za a yanka ɗaya a ci. Wata biyu bai je gaishe ta ba.

Aikin dabbobin nasa su samar da wani abu wai shi enzayim. A zuba shi a babban tanki, ya juya sinadarin naitiril ya koma asid ɗin da masu haɗa magani ke nema. Matsalar ita ce naitiril ɗin yana sakin gubar sayanaid a cikin ruwan, da ta yi yawa sai enzayim ya kwanta. Na Makiyayi awa huɗu yake yi ya miƙe ƙafa. Duk da haka nasa ne a tanki, tanki kuwa a wurinsa ya fi gadon sarauta.

Sai aka ɗauki wani sabon ma'aikaci, siriri, ana ce masa Tabarau. Ya je kwatar bayan shagon masu yi wa ƙarfe ruwan azurfa, inda gubar ta saba malala, ya ɗebo laka. Bakteriyar da ya tsamo a ciki enzayim ɗinsu ya yi awa tara. Oga, shugabar ɗakin gwajin, ta ce a ba su wata ɗaya, wanda nasa suka fi juriya su za a sa a tanki.

Ranar nan Makiyayi ya koma gida yana ta faɗa.

"Laka fa! Mutum ya tsuguna a kwata, ya taso ana tafa masa!"

Matarsa ta ce, "Baban yara, kai naka daga ina ka samo?"

"Daga laka. Amma laka mai asali."

To, Makiyayi shi ne mai sauya wa kowa kwalba da safe: a ɗebi ɗigo daga ta jiya, a sa a sabon ruwan abinci. Sai shaiɗan ya raɗa masa dabara. In ya zo kan kwalbar Tabarau, sai ya ƙara guba. Ba da yawa ba, kada su mutu farat ɗaya a gane. Kaɗan yau, gobe a ɗara na jiya.

Da rana sai ya ga ruwan ya fara washewa, alamar suna mutuwa, har waƙa yake a gaban wurin wanke kwalabe. Washegari ruwan ya sake gurɓata. Ya ƙara. Ragwayen suna mutuwa, masu taurin kai suna hayayyafa. Haka ake horar da bakteriya, shi da kansa ya koya wa mutum ya fi talatin. Amma hassada ta toshe masa kai kamar an cusa auduga a bakin kwalba.

Wata ya cika, aka auna. Na Makiyayi awa huɗu, ko minti bai ƙaru ba. Na Tabarau awa talatin.

Oga ta kalli takardar sau uku. "Yaya aka yi haka?"

Tabarau ya ce, "Wallahi ranki ya daɗe ban sani ba."

"Kai dai hannunka akwai albarka."

Nan Makiyayi ya kasa haƙuri. Ma'aikacin ɗakin gwaji ko tari ya yi sai ya rubuta, shi ma duk ɗigon da ya ƙara yana cikin littafinsa, da kwanan wata da sa hannu. Ya buga littafin a kan tebur.

"Albarkar wa? Ga albarkar nan, shafi goma sha ɗaya!"

Oga ta karanta har ƙarshe, ta ɗago. "Wa ya sa ka?"

Makiyayi ya kama goge teburin da hannun rigarsa.

Tabarau kuwa idonsa ya ciko. "Yaya! Ashe taimakona kake a ɓoye?" Ya rungume shi gaban kowa. Makiyayi ya ce da ya sha mari da ya fi masa sauƙi.

Oga ba yarinya ba ce, ta gane sarai. Ta sa aka daskarar da garkensa a ƙasan firji, na Tabarau suka shiga tanki. Sannan ta ce tunda ya iya, ya ci gaba da ba su guba kowace safiya, tana son awa hamsin.

Yana bayarwa har yau. Sun kai arba'in da biyu, shi kuwa ya rame, Tabarau kullum sai ya tambaye shi ko aiki ne ya yi masa yawa.