Yadda Nababa Ya Yi wa Mai-zaki Wanka

A Unguwar Dashi, can tsakanin Bagwai da Watari, inda gonar wannan ke shiga ta wancan har sai an duba layin gamba kafin a san iyaka, an yi wani mutum ana ce masa Nababa Mai-gwangwani. Manomi ne kamar kowa: gero, dawa, wake a tsakanin kunya, gyaɗa idan ƙasa ta ga dama. Gwangwanin ne ya raba shi da sauran jama'a. Tsohon gwangwanin alewa ne, kuma duk abin da ke cikinsa ba zai saya maka ko gishirin miya ba. Akwai anini mai huji, akwai tsohon kwabo da aka daina karɓa tun canjin kuɗi, akwai lambar lasin keke ta shekarun da shi kansa bai mallaki ko ƙararrawar keke ba. Akwai wata ta tagulla da ya ce ta 'yan dakon gyaɗa ce, da wata da aka buga don tunawa da buɗe wata masaƙa wadda har yau ba a samu wanda ya san garin da take ba.

Ranar kasuwa, mutane na wajen dabbobi da hatsi, shi yana tsugune gaban maƙera yana tona tarkacen da za su narka. Ranar Juma'a kuwa, da an sauko, sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya jera su sahu-sahu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da toka da ruwan tsamiya har su riƙa ɗaukar ido. Daga nan ya gyara zama yana jiran wanda zai tsaya ya ce, "Malam Nababa, wannan fa ta mece ce?" Ya tanadi bayanin kowacce. Kaji ne kawai ke tsayawa, su ma da sun ga ba tsaba ba ce sai su wuce.

Da a ce ba wanda ake tsayawa ƙofarsa a unguwar, da ya haƙura. To amma ga Badaru.

Badaru taubashinsa ne, danga ɗaya ta raba gidajensu, kuma tun suna yara kowannensu ke rantsuwa ɗayan ne bawansa. Shi lamba ɗaya tak gare shi, wadda mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙi: faffaɗa, mai nauyi, kan wani Bature a fuska ɗaya, zaki a ɗayar. Mai-zaki ake ce mata. Abin da ke ci wa Nababa rai shi ne, Badaru bai ma cika sanin inda take ba, don kullum tana kan cikin ɗan wani. A yankin, idan cibiyar jariri ta turo, akan ɗora mata kwabo a ɗaure da tsumma don ta koma. Matan Unguwar Dashi da ƙauyukan kewaye sun yanke cewa ba kwabon da ya kai Mai-zaki. Ko ita ke mayar da cibiyar, ko cibiyar ce ke gajiya ta koma don kanta, wannan ba a taɓa zama an bincika ba. Sai dai ka ji sallama a ƙofar Badaru, an zo aro, an taho da ɗan goro ko ƙwan zabi, ana ta "Allah ya ƙara girma, Baba Badaru." Duk a kunnen Nababa, yana zaune da cikakken gwangwani.

"Kai bawana," in ji Nababa ta kan danga, "ka san ma abin da aka rubuta a jikinta?"

"An rubuta: a gaida Nababa da kajinsa."

"Lambar girma ce fa! Ka bari jarirai na yi mata fitsari."

"To naka da ba a yi musu, wane girman suka ƙara?"

Ya taɓa yi masa tayin musaya, lambar masaƙa da ta 'yan dako har da anini a kai. Badaru ya ce ya gode, amma gidansa ba a tara shara.

Ana nan sai shekarun nan suka zo, waɗanda damina ta riƙa leƙowa tana komawa. Gero ya fitar da kai ya tsaya, dawa ta bushe a tsaye. A birni sabulu da madara sai an bi layi, a ƙauye kuwa ba a maganar sabulu. Tafasa da rama suka zama tuwo, samari suka watse ci-rani. Nababa ya tsira da sauran tsohon hatsi a rumbu, domin mutumin da bai iya jefar da mataccen anini ba, ba shi zai yi wasa da damin gero ba. Rumbun Badaru kuwa har ɓeraye sun yi masa sallama.

Kulu, matar Nababa, ta same shi a zaure. "Malam, kwana biyu ban ji dakan kirki a gidan Yaya Badaru ba. Ɗan'uwanka ne, ka miƙa masa wani abu."

"Zan miƙa," in ji shi. "Shi ma ya miƙo."

"Haba Malam!"

Ba ta hana ba. Ya sa aka sauke dammuna, masu kyau kuwa, don kada a ce masa azzalumi, ya bi su har tsakar gidan Badaru ya faɗi buƙatarsa, wato Mai-zaki, yana kallon ƙasa. Badaru ya dubi geron, ya dubi yaransa. Wannan karon bai yi ba'a ba. Ya ce, "Na ba ka. Amma ka jira a kwanto ta, tana kan cikin ɗan gidan Iliyasu."

Da ta iso hannunsa, Nababa ya kai ta rana ya duba, sai da ya yi tsaki. Baƙa ƙirin. Man shanu, man kaɗanya, gumi, hayaƙin ɗakin masu jego, shekara da shekaru sun hau kan juna sun daskare, zakin ma sai ka rantse tunkiya ce. Ya jiƙa ta a ruwan tsamiya, ya bi ta da toka, ya sa tsinke ya sakace tsakanin haruffa, ya ƙare da lallausan yashi. Zaki ya fito da gezarsa, Bature ya fito da hancinsa. Wannan Juma'ar ya sa ta a tsakiyar buzu, sauran suka kewaye ta kamar fadawa. Ya aika Kulu ta sayo goro, wai ko baƙi za su yi yawa.

Ba a jima ba kuwa aka yi sallama. Inna Yakaka ce, ungozomar unguwar, wadda rabin mutanen da ke yawo a garin ita ta yanke musu cibiya. Nababa ya gyara hula.

"An ce Mai-zaki ta dawo wurinka. Jikar Sama'ilu ce cibiya ta yi mata tsini."

"Ga ta nan, Inna. Kin san asalinta kuwa? Ita wannan lamba..."

"Wacce?"

"Ta tsakiyar."

Ta sunkuya, ta ɗauka, ta juya, ta kai hanci ta shinshina. "Wannan farar? Ɗan nan, me ka yi mata?"

"Wanka na yi mata, Inna. Dauɗa ce ta rufe ta."

"Dauɗa!" Ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Abin da ya taru tun daga cibiyar mai unguwa yana jariri, shi ne dauɗa? Ai maganin ke nan ka kankare! Ina ruwan da ka wanke ta?"

"Na zuba a gindin dalbejiya."

"To dalbejiya ta warke." Ta ajiye masa abarsa a kan buzu, ta kaɗe hannu. Yana kallo ta bi jikin danga ta yi sallama a ƙofar Badaru. Jim kaɗan ta fito da wani abu ƙulle a bakin mayafi, tana ta sa albarka.

Kada ka ce Nababa ya sallama. Ya shafe Mai-zaki da man gyaɗa ya rataye ta saman murhun Kulu. Ya binne ta a turken awaki. Ya tono, ya sake shafawa, ya sake ratayewa, har ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya kai wa Inna Yakaka da kansa. Ta goga ta a zaninta, baƙin ya biyo zanin. Ta ce, "Baƙin murhu daban, baƙin jarirai daban. Ka je ka ci gaba da wasanka." Sallama kuwa ba ta fasa ba a ƙofar Badaru. Har ta ƙaru, don yanzu duk wanda ya zo sai an ba shi labarin wankan, Nababa yana jin dariyar ta kan danga, da geronsa a tumbin masu yin ta.

Da kaka, 'yarsa Zulaihatu ta zo gida haihuwar fari, ta sami namiji. Bayan suna cibiyar yaron ta turo kamar goro. Nababa ya ji daɗin da bai kamata kaka ya ji ba. A gidansa dai ba mai ce masa a'a. Ya ɗauko Mai-zaki ya miƙa wa Kulu, ta sa hannu biyu ta karɓa ta ce, "To, Malam." Washegari ya ga cikin yaro a ɗaure tsaf. Ya shiga gaya wa mutane a masallaci cewa lambarsa ta koma bakin aiki.

Wata safiya aka miƙo masa jikan ya riƙe, uwar za ta yi wanka. Yana yi masa wasa, yatsansa ya sauka kan tsumman. Ya tsaya. Ya sake latsawa a hankali. Abin da ke ciki bai kai Mai-zaki faɗi ba, kuma da rami a tsakiyarsa. Ya ɗaga kai ya dubi Kulu. Kulu ta ga ashe akwai tsakuwa da yawa a cikin waken da take tsincewa.

Ya saɓa yaron a kafaɗa ya leƙa ta kan danga. Badaru na zaune yana tufkar igiya.

"Kai bawana. Me ka ɗaura wa jikana?"

"Ni? Inna Yakaka dai. Wani ƙarfe ne na tsinta a bakin dam, wurin da ake gyaran injin ban-ruwa."

"Ƙarfen inji! Shi ne ake ta yi maka sallama a kai?"

"Ai ya fara baƙi."

Nababa ya yi tsaki, ya juya zai tafi. Sai ya tsaya. Yatsan nan nasa yana kan tsumman, yana zagaya gefen ƙarfen.

"Akwai rubutu a jiki?"

"Akwai wasu 'yan haruffa."

"Irinsa da yawa a wurin?"

"Shi kaɗai na gani."

Idon Nababa ya tafi kan rumbunsa, ya dawo. Badaru ya ajiye igiyar, ya ƙare masa kallo, ya ce, "In shi ma wankan za ka yi masa, bari cibiyar yaron ta koma tukuna."