Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Na'urar Baba Ishaya

Har gobe ba zan manta da wata Asabar ta tsakiyar bazara ba, ana saura ƴan kwanaki Ista. Lokacin ina mataimakin shugaban atilye, wato ɗakin gyaran kaya, a asibitin mishan. Mu ke kula da kuran, wato wutar lantarki, da duk abin da ake jonawa, har kayan majami'ar da ke gefen asibiti, ko da yake ni masallaci nake zuwa.

Baba Ishaya shi ke kaɗa wa mawaƙan majami'ar gita. Tsufa ya taɓa masa kunne, sai ya dogara da wata tsohuwar na'urar saita tsirkiya da wani Bature ya bar masa. Akwatin ƙarfe ne mai faifai da ke juyawa gaban ƙwan fitila. Ana jona gita da ita ta waya. In tsirkiya ta hau daidai, zanen da ke kan faifan sai ya tsaya cik. Abin da ke daidaita gudun faifan shi muke kira osilater, kuma nata ya tsufa. Da ta ɗauki zafi sai gudun ya sauya, ta riƙa shara wa tsoho ƙarya.

Da ya kawo mani ita na buɗe, na ga kondansater, ƴan gwangwanayen da ke ajiye kuran, sun gaji, rigar wayoyin ciki duk ta farfashe. Na ce kada ya kunna sai an kawo sababbi daga Maraɗi.

"To mi za ni yi, Mamman? Ista ta taho, kunnen ko ba shi jin komi," in ji shi.

"Baba, hanƙuri dai za ka yi."

Ya ɗauki abarsa ya tafi.

Ran Asabar da la'asar aka aike ni duba fankar majami'a, na tarar ana gwajin waƙa. Na'urar na bisa tebur, an lulluɓe ta da buhu sharkaf, yadda muke yi wa jarkar ruwan sha. Ruwa na ɗiga yana kwanciya a siminti, Baba kuma ya tuɓe takalma, ƙafafunsa cikin danshi. Ya hango ni ya yi murmushi.

"Taho ka gani, mai gyara. Tun shekaranjiya nis samo maganinta, ko motsi ba ta yi."

Kuran da ke cikin akwatin nan ya fi na bango ƙarfi, kuma wayar gita haɗe take da jikin ƙarfen. Kafin in buɗe baki ya ɗora hannu bisa tsirkiyoyin.

Bai yi ihu ba. Yatsunsa suka danƙe wuyan gita, jikinsa ya sanƙare, haƙora suka datse. Mata suka zabura za su kama shi. Na daka masu tsawar da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba, don duk wadda ta taɓa shi ita ma ta kamu. Inda aka jona na bayansa, ga ruwa tsakaninmu. Na sungumi bencin itace na maka wa wayar, ta fizge daga bango. Ya sulale ƙasa.

Ba ya numfashi. Tsoro ya kama ni, ba abin da nake tunani sai yadda zan dubi idon matarsa. Allah ya sa cikin mawaƙan akwai Hannatu, anfirme mai jinya a ɗakin tiyata. Ta durƙusa tana danna ƙirjinsa tana hura masa iska a baki, ta ce a ruga a kira likita. Ta daɗe tana yi, ni har na fid da rai, sannan ya ja wani numfashi mai gurnani.

Ya rayu, amma tsirkiyoyin sun ƙone masa yatsu har jijiya. Da kaya suka iso na sauya kondansater da wayoyi, na haɗa jikin ƙarfen da ƙasa, na huda mata kafofin shan iska. Yanzu ko da tsakar rana gudunta ba ya sauyawa. Baba Ishaya dai bai ƙara iya danna tsirkiya ba.

Ku masu tasowa a aikin nan, dabararsa ta yi aiki, shi ya sa ta kusa kashe shi. Mutanenmu ba sa zama jiran kaya. In abu ya ƙi, da abin da ke tsakar gida za su nema masa magani. Saboda haka duk na'urar da na ga haɗari a cikinta ba ta fita atilye da wayarta. Gaban mai ita nake yanke wayar, ya zage ni, ya koma gida da ransa.