Mai Jiniya

Auta ta fara jin sunan Mai Jiniya ne a bakin maƙwabciya tana tsine masa, kafin ta gane kawunta ake nufi. Shekara ashirin yana jan igiyar jiniyar masaƙa. Ranar da za a sallami ma'aikata, manaja ya sa shi ya busa a taru. Ana gama karanto sunaye, abokan aikinsa suka yi kansa da sandunan ƙarfe: "Munafuki, da saninka ka tara mu!" Suka fasa masa ido, suka karya masa hannu.

Wata rana Auta ta kai masa ruwa, ya riƙe mayafinta. "'Yar nan, ki rubuta cewa ban sani ba. Sunana ne na bakwai a takardar sallamar."